Aikin sakar wa ɗana mara

10 Nuwamba 2024

Na fara rubuta wannan ne don in dinga ganin inda aka kwana a aikin da na ɗaukar wa kaina, wato rage takurar da nake wa ɗana da gyara abinda takurar ta ɓata tsakanina da sauran mutanen gida. Yaron sikila ne, SS, shekararsa 18, sunan mahaifina ya ci shiyasa nake ce masa Babana. Tun bara ya gama sakandare yana zaune, ba wai baya son yin komai bane, duk abinda ya kawo ni ce nake cewa jikinka bazai ɗauka ba.

Ga yadda muke rayuwa. Maganinsa a ɗakina yake, ni nake ɓallo folik asid da Paludrine da haidroksiyuriya in miƙa masa da ruwa in tsaya a kansa sai ya haɗiye. Katin asibitinsa a jakata yake kwana. In yaje masallaci aka sallame bai shigo ba na fara leƙen ƙofa kenan, in abokansa sukayi sallama ni nake fita ince musu baya jin daɗi alhali lafiyarsa ƙalau, ƙwallo kam ko kallo bana bari yaje, da dare kuma in barci ya ɗauke shi sai in ɗauki wayarsa in duba da wa yake magana.

Satin da ya wuce a kilinik likita ta tambaye shi miligiram nawa yake sha na haidroksi, sai ya juyo yana kallona, kafin ya buɗe baki na amsa. Tace in ɗan basu wuri. Da na dawo tace min Hajiya yaron nan fa ya girma, akwai abubuwan da namiji mai sikila yake fama dasu da bazai taɓa faɗa a gabanki ba, kuma in baisan ciwonsa da kansa ba ranar da bakya kusa shi zai sha wahala. Maganar bata min daɗi ba a lokacin amma taƙi fita daga raina.

Yau da yamma na kwashe magungunan da katin na kai masa ɗaki. Nace daga yau naka ne, ka saka alam a waya. Ya daɗe yana kallon ledar sannan yace toh Mama.

24 Nuwamba

Magani yana tafiya. Ya tsallake na wasu ranaku, na gani saboda na ƙirga ƙwayoyin da baya nan, wanda shima wannan ƙirgar tana cikin abinda ya kamata in daina. Ban masa faɗa ba, tambayarsa kawai nayi ko alam ɗin yana aiki, yace ya maida shi bayan sallar asuba don na dare barci yake riga shi. Wannan dabarar tasa ce, kuma tafi tawa kyau.

Wayarsa ban sake taɓawa ba. Na gaya masa da bakina cewa ina dubawa a da kuma na daina, yace ai ya sani tuntuni shiyasa yake goge komai kafin ya kwanta. Ayar nan ta Suratul Hujurat da ta hana bincike na santa tun ina yarinya, ban taɓa kawowa a raina cewa ta shafi uwa da ɗanta ba.

15 Disamba

Sanyi ya sauka sosai a Kano, hazo har ba'a ganin ƙarshen layi da safe, kuma duk uwar mai sikila tasan hunturu shine lokacin da zuciya bata kwanciya don sanyi da bushewar jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tada ciwon. A irin wannan lokacin ne Babana ya sake ɗauko maganar koyon gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre. Ƙanin abokin Abbansu yana da shago a can kuma tun bara yace a kawo shi, ni na hana.

Da dare na samu Abbansu nace masa ya lallashe shi a bari sai sanyi ya wuce. Yace in sanyi ya wuce zaki ce zafi, in zafi ya wuce zaki ce damina da sauro. Sannan ya faɗi abinda bai taɓa faɗa min ba, yace wannan tsaron da kike yi ba don shi kike yi ba, don ke ki samu barci kike yi. Nayi kuka sosai, nace masa shi ya manta ne, yace bai manta ba shi ya ɗauki gawar.

Wan Babana muka rasa a 2008 yana shekara 4, shima SS ne, zazzaɓi ya fara da magariba muka ce a bari zuwa safe, kafin safen jininsa ya ƙare. Wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu, toh ni tun daga ranar nake gudu kuma na ɗauki yaron nan nake gudun dashi. Da na zauna na duba tsakanina da Allah, yawancin abinda nake hana shi likita bata taɓa hanawa ba. Ita cewa take yasha ruwa da yawa, ya rufe jiki in ana sanyi, kada ya wahalar da kansa fiye da ƙima, ya kwana a gidan sauro, in zazzaɓi yazo ko ƙirji ya riƙe a taho asibiti nan take. Bata taɓa cewa kada yayi abokai ba ko kada ya koyi sana'a. Waɗannan ni na ƙara, kuma amfaninsu a kaina yake ƙarewa, in yana ɗaki ina jin motsinsa hankalina a kwance, shi kuma shekarunsa suna wucewa a kan katifa.

A Islamiyya Malama ta taɓa mana bayanin Annabi Yakubu lokacin da 'ya'yansa suka nemi ya basu Binyaminu su tafi Masar, mutumin da ya riga ya rasa Yusufu a hannun waɗannan ɗin dai. Bai ce baya tsoro ba. Ya karɓi alkawari daga gare su, yace musu kada su shiga ta ƙofa ɗaya su rarrabu, ya kuma ce Allah ne mafificin mai tsaro, sannan ya bari suka tafi. Na dawo na karanta wurin a Suratu Yusuf daga aya ta 64 zuwa 67 na maimaita.

Mun yanke zai fara bayan sabuwar shekara.

6 Janairu 2025

Ya fara yau. Mu uku muka zauna da Abbansu muka tsara sharuɗɗan, kuma yawanci shi Babana ne ya kawo su: bazai fita ba sai rana ta ɗaga wajen ƙarfe goma, zai dawo kafin magariba, gorar ruwa babba a jaka, rigar sanyi da safa, kuma ba zai dinga ɗaukar kaya masu nauyi ba. Naso in bishi in ga ogan nasa in masa bayanin ciwon, yace Mama dan Allah ki barni ni zan gaya masa, in kika je duk layin zasu san ni mara lafiya ne kafin su san sunana. Na haƙura.

Sharaɗin da ya shafe ni shine kira ɗaya a rana, bayan azahar. Na tsaya a ƙofa har ɗan sahun ya sha kwana. Aikin gida ban iya komai ba, wayar tana hannuna, amma kiran ɗaya nayi. Ya dawo hannunsa yana warin dalma yana bawa Auta labarin yadda ake ɗaga sikirin da iska mai zafi ba tare da ya fashe ba, yana magana da ƙarfi yana dariya, rabon da inji muryarsa haka a tsakar gida har na manta.

30 Janairu

Ciwon ya tashi daren Lahadi, baya da ƙafafu. An kwantar damu, jiya aka sallamo mu, alhamdulillahi ƙarin ruwa da allurai kawai akayi ba'a kai ga ƙarin jini ba, PCV ɗinsa, wato awon yawan jininsa, da ya saba zama 24 ya sauko 21.

Abinda nake so in rubuta ba ciwon bane don wannan mun saba. Da ya tashi cikin dare Abbansu ya buga wa waya daga ɗakinsa, ni ina kwance a gefe bai kira ni ba. A asibiti da allurar ta fara aiki na tambaye shi dalili, yayi shiru sannan yace in na tashe ki zaki ce kasuwa ce. Daga nan magana ta buɗe, ashe shekara da shekaru in ƙaramin ciwo ya kama shi ɓoyewa yake, ya shige bargo ya ciji filo yasha panadol a ɓoye, saboda yasan in na sani sati biyu ko ƙofar gida bazai gani ba. Yace akwai ranar da ƙirjinsa ya riƙe yana aji biyar a sakandare bai faɗa ba don washegari akwai tafiyar makaranta da na riga na amince da ƙyar. Ciwon ƙirji a mai sikila ba abin wasa bane, yana cikin abubuwan da ke kashe su da gaggawa. Wato duk tsaron nan da nake ganin shi ke riƙe da ransa, shine ya koya masa ɓoye min abinda yafi komai haɗari. Na fita baranda na zauna don kada ya ga fuskata.

Kuma wallahi maganar da yake tsoro tana bakina, kasuwa ce, ta zo har kan harshe. Ban faɗa ba. Likitan da ya zagayo da safe na tambaye shi a gaban Babana ko aikin ne ya jawo, yace ba lallai ba, ɗakin nan cike yake da masu sikila a watan nan har da waɗanda basa fita ko'ina, sanyi ne. Yace in ya warware ya koma aikinsa.

Wani abu kuma da na gani da idona, da nas tazo karɓar bayani shi ya amsa komai yana nishi, sunan magungunansa da miligiram, jinin da ya saba zama, allurar da ta taɓa sa shi ƙaiƙayi. Ina tsaye da bakina a rufe. Da Auta tazo dubiya tana tambayar me yasa idonsa yayi ɗorawa, ya mata bayani cewa ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 amma tasa tsakanin 10 zuwa 20 take mutuwa shiyasa kullum jinin a ƙasa yake. Ni ban koya masa wannan ba.

Mun yi yarjejeniya sabuwa. Shi duk ciwon da yaji komai ƙanƙantarsa zai faɗa, ni kuma faɗar bazata zama dalilin kulle shi ba.

21 Fabrairu

Ya koma kasuwa tun satin farko na watan nan. Kilinik ɗin wannan watan shi kaɗai yaje.

Yau maganar Ummi ce, babbar 'yata, shekararta 22. Tunda na fara wannan aikin hankalina yana kan Babana, na ɗauka shi kaɗai na takura. Ranar Talata muna tsinke zogale a kicin nake mata godiya kan kwanan da tayi damu a asibiti, sai tace Mama ai aikina ne tun ina shekara 12. Yadda ta faɗa ne yasa na ajiye tiren. Nace ki faɗa min abinda ke ranki bazan yi fushi ba. Ta jima tana juya ganye a hannu sannan tace ni a gidan nan ban taɓa rashin lafiya ba, duk ranar da nace kaina yana ciwo cewa kike ki gode Allah ke ba sikila bace. Tace lokacin da ta samu gurbin karatu a Zariya nace mata wa zai taya ni in ciwon ƙaninki ya tashi, ta haƙura tayi NCE a nan Kano, kuma ko sau ɗaya ban taɓa tambayarta ko abin ya mata ciwo ba. Tace tana son ƙaninta kamar ranta amma akwai lokacin da take jin haushinsa sai kuma ta koma tana istigfari tana ganin ita muguwa ce.

Wannan yafi na asibiti yi min nauyi. Na Babana ina iya cewa tsoro ne, na Ummi kuwa son kai ne tsagwaronsa, na ɗauki yarinya na maida ta mataimakiyata saboda ni in samu sauƙi, kuma saboda bata ƙorafi sai na ɗauka ta yarda. Yara masu lafiya a gidan da akwai mai ciwo haka ake musu, a ce ai su manya ne su masu haƙuri ne, ba wanda yake tambayar abinda haƙurin yake ci musu. Na nemi yafiyarta, tace ba komai Mama, amma nasan ba komai ɗin nan ba'a rana ɗaya ake cike shi ba.

Abinda muka tsayar: kwanan asibiti daga yanzu tsakanina da Abbansu ne da ƙanwata, Ummi sai in ita ta so. Sannan zata nemi shiga jami'a aji biyu da sakamakon NCE ɗinta, duk garin da ta zaɓa. Abbansu yace kuɗin fom a wuyansa. Auta ma na fara lura da ita, shekararta 12, daidai shekarun da na fara ɗora wa yayarta, kuma na kama kaina ina ce mata jeki duba ko yayanki yasha ruwa. Na daina aikenta wannan aiken.

9 Maris

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga wata, ga zafi ya fara. Duk shekara rigima muke da Babana, shi yana so yayi ni ina hanawa, har ya taɓa ɗauka a ɓoye. Bana nace ni ba ruwana, kaje ka tambayi likitarka ka tambayi malami. Likita tace masa da irin zafin Kano da kuma kwanciyar da yayi a Janairu bata bashi shawarar ya wuni ba ruwa ba, don rashin ruwa a jiki yana sa jinin ya daskare a jijiya ciwo ya tashi. Limamin unguwa yace masa Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma mai ciwon da ba'a sa ran rabuwa dashi ciyarwa zaiyi. Ya dawo yace bazai yi ba, kuma ciyarwar daga ɗan abinda ogansa ke bashi zai fitar, Abbansu ya cika.

Hukuncin dai shine wanda nake yankewa duk shekara, amma bana ba kumbure-kumbure ba rufe ƙofa. Yana shan ruwansa a bayan shago inda ba'a gani, da magariba ya zauna damu a tabarma.

5 Afrilu

Da ƙaramar Sallah naje garinsu Abbansu gaida Hajiya, muka kwana biyu, Babana yace shi a gida zai zauna da abokansa. Shekaru da yawa bana zuwa, kullum uzurina yaron nan, har dangin miji suka daina tambaya. Hajiya da ta ganni tace yau wace rana, ta riƙe hannuna taƙi saki.

A hanya muka yi hira da Abbansu irin wadda muka daɗe bamu yi ba. Yace shekarun nan ji yake kamar baƙo a maganar ɗansa, in ya kawo shawara ince bai san jikin yaron ba, in ya ɗauke shi zuwa wani wuri in bi su da kira har sai sun dawo, daga baya sai ya janye ya barmin, ni kuma na koma ina jin haushin ya barmin komai. Yanzu duk abinda ya shafi kasuwa tsakaninsu ne su biyu, sai dai a bani labari.

9 Yuni

Ranar babbar Sallah, Juma'a 6 ga wata, gobara ta tashi a Farm Centre. Muna tsakiyar aikin nama hotuna suka fara shigowa wayarsa ta WhatsApp, ya miƙe yana neman takalmi. Nan na tsaya ina tambayar kaina wannan tsoron nawa ne ko haɗari ne na gaske, don yanzu kafin in buɗe baki sai na raba biyun. Wannan na gaske ne, hayaƙin roba da batir ga turmutsutsu ga rana, ƙirjin mai sikila bazai ɗauka ba. Na faɗa masa sau ɗaya da dalilin, ban rufe ƙofa ba ban ɓoye takalmin ba, nace ka kira oganka kaji. Ogan da kansa yace kada yazo. Washegari yaje da takunkumi ya taya su kwashe abinda ya saura. Shagonsu wutar bata kai ba amma mutane da yawa da ya sani sun rasa komai, ya dawo jikinsa a sanyaye, da dare naji yana gaya wa Abbansu zai bada kuɗin da ya tara a haɗa wa wani abokinsa da teburinsa ya ƙone.

Na lura tunda na rage hani, ranar da nace kada kayi yana tsayawa ya saurara. Da kuwa komai hani ne shiyasa baya bambance wanda yake da dalili.

20 Yuni

Jiya 19 ga wata ranar sikila ta duniya, an yi taro a kilinik naje. An ce duk shekara ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya, ba ƙasar da ta kai mu. Wani bawan Allah SS mai shekara arba'in da wani abu, da matarsa da 'ya'yansa, ya tashi yace iyaye ku ji tsoron Allah ku daina yi mana kallon gawa tun muna raye. Wata mata kusa dani ɗanta shekara 9 tace ta cire shi daga makaranta don kada a ture shi. Na karɓi lambarta, bansan ko zata ji maganata ba amma zan kirata.

10 Agusta

Akwai wanda yake zuwa wajen Ummi tun bayan azumi, yaro mai hankali, Abbansu ya yaba da gidansu. Ita AS ce, wato tana ɗauke da ƙwayar sikila amma bata ciwon. Tun zuwansa na farko nake so in aika a ce ya kawo takardar gwajin jinotaif, har na shirya in ce ni zan zaɓi inda za'a yi. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure, amma ni bana so a kai nan, gwajin da akayi bayan an kai kuɗi an sa rana raba shi da wuya yake. Duk da haka na danne, na tambaye ta kawai ko sun yi maganar, tace Mama a gidan nan na tashi fa, tun sati na biyu na gaya masa.

Sun yi gwajin a wurare biyu. AS ne shima.

AS da AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma lissafin baya tuna cikin baya, mu haihuwa huɗu biyu suka zo dashi. Lokacin aurenmu a 2001 ba wanda ya ce mana mu gwada. Ummi ta shige ɗaki ta kwana biyu bata cin abincin kirki. Duk jikina yana so in shiga in ce mata kada ki kuskura, in lissafo mata darare da allurai da kabarin ƙaninta, amma duk wannan ta sani, a kan tabarmar asibiti ta girma. Na kai mata kunu na zauna a bakin gado, ta ɗora kai a cinyata tayi kuka, ban ce komai ba sai addu'a. Rabon da ta kwanta a jikina tun tana firamare.

Ranar Alhamis ta kira shi da kanta ta ce ya yi haƙuri. Babana ne ya fi kowa shiga damuwa, yazo yana ce min saboda shi ne, nace masa a'a, yaje ya faɗa wa yayarsa haka yaji me zata ce. Sun daɗe a ɗaki su biyu, ban tsaya a bakin ƙofa ba.

14 Satumba

Inda ake yanzu. Magani da kilinik gaba ɗaya a hannunsa suke, na daina ƙirga ƙwaya. Kiran azahar wasu ranakun ma shi yake riga ni. Ƙananan ciwo ya faɗa min sau da dama tun Janairu, muka yi maganinsu a gida da ruwa da ɗumi da magani, ya huta ya koma aiki. Ummi tana jiran sakamakon neman gurbinta, har yanzu bata dawo daidai ba kuma bana matsa mata da maganar wani. Abinda ya rage min da yawa, cikin dare har yanzu ina tashi in tsaya a ƙofarsa in saurari numfashi, kuma in ya makara da minti kaɗan raina yana ɓaci sai in sauke a kan Auta, wannan shine abinda nake aiki a kai watan nan, in na ji abin ya taso sai in yi alwala in bar tsakar gidan.

Sabuwar magana kuma, ogansa yana so ya tafi dashi Legas sarin kaya a Computer Village ta Ikeja cikin watan gobe. Tafiyar mota ce mai tsawo, ga sanyin na'ura a motar dare ga mutum yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya dame shi, duk na faɗa masa waɗannan a zaune. Yace zai tambayi likita ranar kilinik ɗinsa, in ta amince zai karɓi takarda mai bayanin ciwonsa da magungunansa ya riƙe, kuma zasu bi motar safe. Ni na roƙi abu biyu, ya san asibitin da yafi kusa da masaukinsu tun kafin su tashi, kuma ogan ya riƙe lambar Abbansu. Kilinik ɗin ranar 24 ga wata ne, bayan nan shi da Abbansu zasu yanke.